Ranar da Na Shiga Gaban Surukina

Ni direba ne. Karatuna bai yi nisa ba, amma hanya kam na santa, kuma wannan sanin ne ya daɗe yana kumbura mini kai. Daga Largo inda muke zaune a Amurka zuwa Greenbelt, ko ka tsallaka kogi zuwa Annandale, babu lungun da ban shiga da fasinja ba. Idan baƙo ya zo daga gida ya tambayi hanyar masallaci, ni ake nuna masa. Ko ba a tambaye ni ba ma ina ba da kwatance, halina ke nan, Allah Ya shirye ni.

Surukina, mahaifin maiɗakina, mutumin Damagaram ne. Ya zo wurinmu aka yi masa aikin gwiwa a asibitin da 'yarsa take aikin jinya. Aiki ya yi kyau, ya ajiye sanda, kullum da hantsi yana zaga unguwa da carbinsa. Amma zaman ya ishe shi. Ya ce garin da maƙwabci ba ya leƙo ka sai motarka ta tare tasa, ba garin tsoho ba ne. Gida yake so, wurin lambunsa da abokan hirarsa na ƙofar gida. Ita kuwa maiɗakina ta kafe: a can babu mai hana shi tsugunno da hawan babur, gwiwar za ta lalace. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan mu raka shi da kanmu. Amma ta kafa sharaɗi: idan ta ga ƙafar ta kumbura a hanya, tare za mu dawo Largo ya sake cin sanyi da mu.

Jirginmu ta Maroko yake bi, sai muka ce mu yada zango mu huta. Wani maƙwabcinmu injiniya ya taɓa nuna wa Baba hoton wata tsohuwar ganuwa a can, a kan tsauni, teku na dukan gindinta. Mutanen da ne suka gina ta don hango jiragen abokan gaba. Baba ya ƙyalla ido a kanta, ya ce shi da ya girma cikin duwatsun Damagaram, wannan zai hau da ƙafarsa, kowa ya gani. Maiɗakina ta tambayi likitan, ya ce in titi ne mai laushin hawa babu laifi, a dai guji matakala da duwatsu.

Ni na ɗauki nauyin hanya, ba tare da an ɗora mini ba. Dare da rana ina duba taswira a waya a wurin jiran fasinja. Na haddace: daga tashar jirgin ƙasa ka sauka bakin ruwa inda masunta suke, nan ake shiga ƙaramar bas mai hawa sama. Mai son tafiya da ƙafa ya bi titin da bas ɗin take bi, yana lanƙwasa a hankali. A tsakiya akwai famfon ruwa da bishiyar ɓaure, nan hanya ta rabu biyu. Hagu titi ne, dama kuwa turbar awaki ce. Na faɗa wa maiɗakina wannan har ta ce in na sake faɗa za ta sauka daga motar.

Ranar da muka isa bakin ruwan, iska na kaɗawa da ƙarnin kifi, tsuntsaye farare suna ta ihu a kan kwale-kwale. Na ɗaga kai na ga ganuwar can sama, launin ƙasa, kamar an ɗora tukunya a kan jinka. A taswira ba ta kai haka tsawo ba.

Baba ya sha farar shadda da hula, ya dubi gefen da 'yarsa take ba tare da ya dube ta ba. Ita ce 'yar farinsa, ko sunanta ba ya kamawa. Da ni ya yi magana.

"Malam, gaya wa waccan ta shiga motar nan ta jira mu a bisa. Ba ni son lokotoro na bi na yana ƙidaya mini taku." Lokotoro, wato likita, ita yake nufi.

Ta ce, "Baba, ai ina ji." Sannan ta juyo gare ni. "Titi kawai. Ka ji ko? Titi."

Na ce, "Haba, ni za ki gaya wa?"

Ta shiga bas, mu kuma muka kama hawa. To ga inda matsalar take. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa shiga gaban Baba ba. Ban taɓa cin abinci yana kallo ba, ban taɓa zama a kujera yana ɗaki ba. A gidanmu na Largo, in yana falo, a kicin nake shan shayina a tsaye. Haka aka rene ni, kuma Amurka ba ta canza wannan ba. Don haka yana gaba ina baya, na rataya jakar ruwa, idona a kan dugadugansa.

Da farko lafiya lau. Titin na hawa a hankali, gidaje farare da shuɗin ƙofofi, mata na shanya a soro. Baba na gaida duk wanda muka gamu da shi da Faransanci, suna amsawa da fara'a. Har muka iso famfon da ɓauren. Na ji daɗi a raina, ga kwatancena ya fito daidai. Baba ya wanke fuska, ya sha ruwa da tafin hannu, ya miƙe. Sai ya karya dama.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma me zan ce? "Baba, ka yi kuskure"? Na yi gyaran murya, bai juyo ba. Na sake yi da ƙarfi, ya ce, "Sannu, iskar teku ce," ya ci gaba. Sai na shiga lallashin kaina: wataƙila turbar ta fi kusa, wataƙila ta koma titi a gaba, dattijon da ya san duwatsu ai ba zai ɓata a kan dutse ba.

Turba ta tsuke. Kwalta ta ƙare, sai tsakuwa da ƙaya da kashin awaki. Can sai matakala da aka sassaƙa a jikin dutse, irin wadda likita ya hana. Baba na ɗaga ƙafar da aka yi wa aiki a hankali, yana dafa dutse. In gwiwar nan ta kumbura, ba ni kaɗai zan sha faɗa ba. Tsohon nan zai koma Largo ya zauna bakin taga yana kallon dusar ƙanƙara, kuma ni na jawo masa da shiruna.

Ni kaina numfashi ya fara gagarata. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a kujerar mota, ga tumbi. Amma yaya zan yi haki a bayan surukina? Na rufe baki ina shaƙa ta hanci, har kunnuwana suka fara ƙara.

Muka zagayo wani lungu, sai hanya ta ƙare ƙaf. Gabanmu bangon ganuwar ne ya miƙe sama, babu ƙofa babu taga. Hagu dutse, dama kuwa sarari, teku shimfiɗe har inda ido ya gaza. Wata akuya na tsaye a kan bangon da ya rushe tana tuƙa, tana kallonmu.

Baba ya sami dutse ya zauna, ya miƙe ƙafa. Ni na tsuguna nesa kaɗan, na sunkuyar da kai. Ƙarar ruwa na tasowa daga ƙasa.

Can ya ce, "Malam."

"Na'am, Baba."

"Ina ƙofar?"

Na ce, "Tana ɗaya gefen, Baba. A wurin ɓauren nan hagu ake bi."

"Tun a ɓauren ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Shi ne tarin da kake ta yi?"

"Shi ne, Baba."

Sai ya fashe da dariya. Ban taɓa jin dariyarsa irin wannan ba, har da dukan cinya, hula ta karkace. Akuyar ta tsorata ta yi tsalle. Ya ce shi tun da kwalta ta ƙare ya san ba daidai muke ba, amma ya ce a ransa, yaron nan da ya ishe mu da kwatance tun daga Amirka, da an ɓata ai da ya yi magana. Shi yana jira na, ni ina jiran sa.

"Yanzu da na miƙe cikin teku, haka za ka biyo ni kana tari?"

Na ce, "Da na riƙe rigar, Baba."

Ya sake darawa, ya karɓi ruwa ya sha, ya miƙo mini gorar. Na juya baya zan sha, ya ce, "Sha nan, ban ga komi ba." Ya murza gwiwar, ya lanƙwasa ta, ya miƙe. Fuskarsa ta koma ta gaske. Ya ce saukar nan ta fi hawan wuya, kuma shi ba shi da niyyar komawa ƙasar sanyi. Dole in yi gaba.

Na ce, "Baba, ba zan iya ba."

Ya ce, "In ka ɗauko babban mutum a motarka, ina yake zama?"

"Baya."

"Kai kuma?"

"Gaba."

"To ka raina shi ke nan? Tashi ka ja, direba."

Haka na tashi na shiga gabansa. Ya ɗora hannu a kafaɗata, ya sakar mini nauyinsa. Ashe tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan. Muna sauka ina faɗa masa, ga rami, ga tsakuwa, a sa ta hagu tukuna. Yana cewa, "A hankali, kar ka sha tara." Muka dawo ɓauren, muka kama titi. Bai ɗauke hannun ba, ni kuma na daina ɓoye hakina, muka yi ta yi tare.

Da muka hango ƙofar, wani babban baka na dutse mai sanyi a ciki, sai ya janye hannunsa, ya gyara hula, ya kakkaɓe riga. Ya wuce gabana ya shiga da ƙafarsa, yana taku ɗai-ɗai.

Maiɗakina na zaune a kan wata tsohuwar igwa da ke fuskantar teku. Bas uku sun zo sun tafi tana jira. Ta dubi mahaifinta, ta dubi ƙayar da ta maƙale a ƙafar wandonsa, sannan ta dube ni.

"Wannan ƙayar a titi take tsirowa?"

Baba ya ɗaga kai yana kallon tsuntsaye. Na so in bi sahunsa, amma shiru ya riga ya kai ni bango sau ɗaya a ranar. Na gaya mata duka, da ɓauren, da matakalar, da akuyar. Ta ce za mu yi magana ni da ita, kuma mun yi, ba a nan zan rubuta ba. Sannan ta durƙusa gaban mahaifinta ta naɗe wandon. Ya kau da kai gefe. Ta danna nan, ta danna can, ta kwatanta da ɗayar, ta sa shi ya lanƙwasa. Na tsaya riƙe da jaka ina karanta duk addu'ar da na iya.

Ta sauke wandon ta miƙe. "Sai mun ga yadda za ta kwana."

Muka zaga cikin ganuwar. Akwai rijiyar da suke tara ruwan sama, da ɗakunan da rufinsu ya zube, da 'yan ramuka a bango inda maharba suke leƙe. Baba ya sa ido a ɗaya ya daɗe yana kallon jiragen ruwa, ya ce mutanen nan sun iya zaɓen wurin zama, sai dai ba su ji tausayin baƙi ba. Da za mu sauka, shi ya fara shiga bas.

Da asuba ta sake duba ƙafar a masauki, ni ina bakin ƙofa. Babu kumburi, babu zafi. Ta daɗe tana kallon gwiwar, sannan ta ce ba hawan babur, ba tsugunno a lambu, kuma kullum sai ya kira. Baba ya dubi bango ya ce, "Malam, gaya wa waccan na ji."

Mun kai shi Damagaram, muka bar shi a ƙofar gida tsakiyar abokansa, ana ta hura gawayin shayi. Mu biyu muka dawo Largo.