Littafin Farko da Mai Kanta Ya Ba Yayansa

Mai Kanta ake ce masa, don ba a cika ganinsa ba sai a bayan kantar littattafai, a lungun shagonsa na kayan wasa. A ƙuryar shagon akwai faffaɗan tebur inda manya da gemunsu ke jera sojojin roba 'yan ƙanana, su auna tazara da tef, su jefa ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo irin na ludo, wai yaƙi suke yi a duniyoyin da ke can bayan taurari. Wasan yana da littattafan labari jingim, duk a kan daula guda da yaƙinta ba ya ƙarewa. Baƙo in ya tsaya gabansu sai kansa ya ɗaure.

Nan aikin Mai Kanta yake. Kafin ya buɗe shagon ya daɗe yana aiki a kemis, shi ya sa yake ba da littafi kamar magani: sai ya ƙare maka kallo tukuna. Tela, mai son ado, ya samu labarin jaruman da ke ƙawata sulkensu. Direba, da ba ya iya zama wuri guda, ya samu na 'yan fashin jiragen sararin samaniya. Amma duk wanda ya rasa gane inda ya dosa, doka guda yake bi, kuma yana alfahari da ita har ya ishi mutane: a fara da labarin ƙaramin soja. Cewa yake sarakunan taurari sun fi ƙarfin baƙo, amma kowa ya san tsoron mutumin da ke kwance cikin rami yana jiran a ce ya tashi.

Yayansa kuwa yaƙin gaske ya je. Ya dawo da gaɓoɓinsa lafiya, sai dai bakinsa ya mutu, kuma ba ya zama sai bayansa na jingine da bango. Matarsa ce ta jawo shi shagon wata ranar Asabar da hantsi.

"Mijina ƙarami, ga yayanka na kawo maka," in ji ta, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka sama masa abin yi. Zaman shirun nan tsoro yake ba ni."

Shagon a cike yake. Yaya ya tsaya yana kallon teburin, can ya ce, "Auta, da wanne ake farawa?"

Mai Kanta ya san halin kowane mai shigowa, amma nasa ɗan'uwan ya gagare shi. Sai hannunsa ya tafi inda ya saba zuwa, ya zaro labarin ƙaramin soja ya miƙa. Har ya koma yana raba wata gardama a bakin tebur kafin ya tuna yadda labarin yake ƙarewa. A littafin nan rundunar gaba ɗaya ake bari a wata duniya mai toka, mutum guda ne ke fita da rai. Ya leƙa waje, sun riga sun sha kwana.

Abin mamaki, Yaya ya fara zuwa kullum. Ya ɗauki akwatin sojojin ƙasa ya zauna yana yi musu fenti da siririn buroshi. Matarsa har waya ta yi ta gode, wai ya fara cin abinci. Mai Kanta ya so ya yi murna, amma ya ga abin da ke fitowa daga buroshin. Kowa kala guda yake shafa wa rundunarsa ya wuce. Yaya kuwa wannan ya yi masa tabo a goshi, wancan gibi, wani furfura a gefen kunne, kuma yana yi yana motsa baki kamar mai gaisuwa.

Ranar wasansa na farko da Tela ya kara. Ƙa'ida ce duk sojan da ƙwaya ta kashe a ɗauke shi daga tebur. Tela ya jefa, ya yi shewa, ya miƙa hannu zai ɗauke mai gibin nan. Yaya ya cafke wuyan hannunsa.

"Kar ka taɓa shi. Bai mutu ba, kira yake."

Yaya ya saki hannun a hankali, ya ba da haƙuri, ya kwashe sojojinsa ɗaya bayan ɗaya ya kwantar da su cikin akwati. Sannan ya zo gaban kanta.

"Auta, akwai littafi na biyu?"

"An are shi, Yaya," in ji Mai Kanta, alhali littafin na nan daidai kafaɗarsa. "Bari in ba ka wani mai ban dariya, na wasu makanikan jirgi."

"Bar shi. Na san abin da sojan da ya tsira ya yi."

Ya tura akwatin gaban ƙaninsa, ya dafa murfin, yana murmushin da rabon a gan shi tun kafin tafiyarsa yaƙi. "Riƙe mini su. Kar ka bari a raba su."

Ya fita. Mai Kanta ya tsaya da akwatin a hannu. Ya karanta na biyun, Yaya bai karanta ba. A babinsa na farko, sojan da ya tsira yana damƙa wa mai kula da sito kayan abokansa, cikin fara'a, sannan ya buɗe ƙofar jirgin sararin samaniya ya taka waje inda babu iska.

Mai Kanta ya ture kujera ya yi waje da gudu, shagon a buɗe, akwatin a ƙirjinsa. Titi cike yake da motoci da masu tafiya. Ya duba dama, ya duba hagu, yana ƙwala wa Yaya kira, mutane suna juyowa suna kallonsa, babu nasa a cikinsu.