Malam Muntaka, Mai Hotunan Layin Zaɓe

Kullum ƙarfe bakwai na safe Malam Muntaka yake buɗe shagonsa na ɗaukar hoto a bayan babbar kasuwar Garuwa. Ya share ƙofa, ya kaɗe labulen da ake tsayawa a gabansa, sannan ya duba akwatunan ƙarfe goma sha huɗu cike da tsofaffin hotuna da ke ƙarƙashin tebur, ko gara ta shiga. Shekara talatin da takwas ke nan. Ƙarshen watan nan zai rufe, idanu sun ƙi.

Haushi ne ya sa na ɗauki alƙalami. An gama nuna wani shirin talabijin mai kashi takwas kan tarihin dimokuraɗiyya a ƙasar nan. Duk hoton arewa da kuka gani a kashi na huɗu nasa ne: dogon layin masu zaɓe na 1992, mata da goyo, dattijon nan da ya ɗaga katinsa sama yana dariya. Fulbert, jagoran masu shirin da suka zo daga kudu, kwana shida ya yi a shagon yana zaɓe yana shan shayi. Da aka jero sunaye a ƙarshe, har na direba na gani. Shi kuwa aka rubuta da Faransanci wai "hotunan wani mutum". Wani mutum!

Ku tambayi Salim mahauci. Ranar wancan zaɓe 'yan bangar siyasa suka biyo Malam za su fasa masa kyamara. Salim ya ce, "Ya faɗo rumfata yana haki, ya cusa mini fim ɗin kyamara guda biyu, ya ce, 'Ɓoye waɗannan, ni su dake ni.' Na tura su ƙarƙashin fatar saniya. Suka kuwa dake shi." Tun ranar babu haƙorinsa na gaba.

Ku tambayi matarsa, Hajiya Hassana, shekarar da kogin Binuwai ya cika ya shigo unguwa. Ta ce, "Akwatunan ya fara kwashewa. Ni da katifa muna tsaye cikin ruwa muna jiran layinmu."

Na same shi na ce, "Malam, mu rubuta wa masu shirin nan takarda."

Ya ce, "A kan me? Jiya Aisatu ta zo, matar marigayi Hamadu tela. Ta hango mijinta a layi cikin talabijin. Na ciro mata hoton, ta zauna nan ta yi kukanta, ta tafi da shi. Wannan ya ishe ni."

"Ni bai ishe ni ba."

Sai ya yi mini dariya.

Kai ne, Malam Muntaka, ka tsaya cikin zafin Garuwa ba wanda ya aike ka. Kai ne rumbun garin nan, ka tara ba ka ci ba. Kuma wallahi wannan haƙuri naka shi ma haushi yake ba ni.

Amma kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. Mu da muke wucewa ta ƙofarsa kullum, ban da hoton katin shaida me muka taɓa tambayarsa? Sai da aka kai kayanmu kudu aka dawo mana da su a talabijin muka san da su. Rabin hotunan nan babu suna a bayansu. Sunayen a kansa suke, shi kaɗai.

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Ku kuma malaman makaranta da ɗalibai masu neman abin rubutawa, ku ɗauki littafi ku je ku zauna da shi, ku koyi irin aikinsa. Yana nan har ranar talatin ga wata. Kujera biyu ce a shagon, ɗayar babu kowa a kanta.