Rakiyar Kawu Iro

Duk mutumin Rurum ya san ba a yi wa Kawu Iro sallama da garaje. Kana cewa "zan koma", sai ya ɗauki butarsa ya ce, "Bari in taka maka." To, ka shiga uku! Wani baƙo daga Yalwa ya yi ta roƙo, "Kawu, ka koma haka, na gode." Shi kuwa sai ya ce, "A kanka nake tafiya?" Har ƙofar gida ya kai mutumin, ya ci tuwonsu, ya ce miyar ba gishiri. Dole mai gida ya sake sa takalmi ya rako shi Rurum.

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma rakiyar nan ce ta cinye masa ƙuruciya. Yana karatu a Zariya, saura kaɗan ya yi sauka, ya raka wani abokinsa tasha. Sai da furfura ya dawo, daga Sudan! In an tambaye shi abin da ya samo, sai ya ɗaga butar. "Wannan, da tari. Allona kuwa yana can inda na jingine shi."

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ɗana Habibu yana aji uku a jami'a. Malamai suka shiga yajin aiki, ya dawo gida yana zaman jira. Wani abokinsa ya zuga shi su tafi Libiya neman aiki.

"Baba, waɗanda suka gama ma ga su nan suna acaɓa," in ji shi. "'Yan shekaru zan yi in dawo."

Ni ban yi boko ba, sai yanzu nake koyon rubutu a ajin yaƙi da jahilci. Amma na san akwai gaskiya a maganarsa. Tuwo ya daina shigar mini. Na kai kuka wurin Kawu.

"Bar shi ya tafi," ya ce. "Ni dai zan taka masa."

Sauran labarin Habibu ne ya ba ni. Kawu ya haye acaɓa a bayansa zuwa Rano, ya bi shi mota har Kano. A tasha sai ya shige motar Damagaram ya miƙe ƙafa.

"Tsoho, sauko mana!" in ji Habibu.

"Kai ka haife ni? Rakiya nake yi."

"Sahara fa za mu ratsa!"

"Na riga ubanka saninta. Ka dai sayi likkafani, kai za ka haƙa. Yashi ne, ba wuya."

Sai ya saki tarin nan nasa, har fasinjoji suna salati. Direba ya rantse ba zai ɗauki gawa ba, a sauke tsoho da mai tsoho. Kafin magariba sai ga su a ƙofar gida, Habibu na riƙe da buta yana cika yana batsewa, Kawu kuwa tarin ya tafi hutu. Da aka janye yajin aiki, shi ya raka yaron har ƙofar jami'a. Ranar ce kaɗai na san ya juyo da kansa.

Bana da damina Kawu ya rasu. Habibu saura zango ɗaya ya gama, ga abokin nan nasa ya zo hutun sallah daga Libiya da sabon babur, kullum suna ƙus-ƙus a gindin darbejiya. Shekaranjiya na ga yaron yana wanke jakarsa. Na cika butar Kawu da ruwa, na sa takalmi, na zauna a zaure. Da ya fito ya dube ni, ya dubi butar, ya yi dariya har da ƙwalla.

"Baba, ajiye. Makaranta zan koma."

Na ajiye, amma a bakin ƙofa.

Kawu, mu ma mun taka maka har inda ba a wucewa, muka juyo ba mu so. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa jikan nan naka ya gama abin da ya fara. Amin.