Hoton da Babu Mai Jego

Huseina mai fura ta Karofi ba ta taɓa shiri da waya ba. Ta waya aka ce mata jikin mijinta ya yi tsanani, ta zo asibitin Dutsin-Ma, alhali an riga an lulluɓe shi. Haka ake yi, ba a faɗin mutuwa kai tsaye. Tun daga ranar gabanta ke faɗuwa ba dalili, abinci ya fita daga ranta, barci sai ɓarawo. A asibiti aka ce ciwon damuwa ne, maƙwabta kuma suka ce tunani ne kawai, ta yi haƙuri.

Ɗanta Sabitu, ɗan acaɓa, ya sayo mata babbar waya ta ɗebe mata kewa. Gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Wuni take tana sauraron saƙonnin murya a zauren 'yan uwa da ke cikin wayar, na rasuwa da na tsoron hanya, gero na jiƙe a ƙwarya har ya yi tsami.

Abin da ya fi cin ranta shi ne Lubna, ɗiyarta ta fari da ke aure a Kurfi, ga tsohon ciki. A danginsu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗiyar fari, balle ta tambayi lafiyarta. "Waccan" take ce mata tun tana goye.

Wata rana da hantsi hoto ya shigo zauren: jariri a hannun uwar mijin Lubna, da saƙon cewa an sauka, a ce wa Inna Huseina ta zo. Huseina ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta bi shi lungu-lungu. Ga tabarma, ga buta, ga ƙafar wata tsohuwa, babu mai jego. Bai faɗo mata a rai ba cewa mai haihuwar fari ma kunya take ji, tana ganin an ɗaga waya ta shige ɗaki. Ita dai "ta zo" ta ji, kuma ta san irin wannan kira.

Barka ta yi ta shigowa, ita tana zaune da wayar a hannu. Tsoro ya rinjayi kunya. Ta danna, ta kai wayar baki, gaban dangi kaf.

"Don girman Allah ku faɗa mani gaskiya. Lubna na da rai?"

Can saƙon Lubna ya shigo, tana kuka.

"Inna, ni ce, lafiya lau nike. Ki ƙara faɗin sunana in ji."