Kututturen da Ake Nuna wa Kowa a Ruwan Tiga

Ko da zan tsufa har in riƙa kiran jikokina da sunan juna, ba zan manta ranar da muka kai Baba yawon Sallah bakin ruwan Tiga ba. Shekara huɗu ke nan da muka binne shi, Allah ya jiƙansa, kuma har yau in na tuna ranar, dariya ce take fara zuwa mini, sai daga baya sauran abin ya biyo.

Baba mutum ne da bai taɓa sayen abu ya yaba ba. Mai shayin bakin tasharmu ta Yako ya shekara ashirin yana jin cewa shayinsa ruwan wanke kofi ne, amma kullum da safe Baba ne farkon zama a bencinsa. Tela, mai faci, mai nama, babu wanda ya tsira. Kowa ya san in Baba ya daina kushe ka, to ya sallama ka ne, shi ya sa suke karɓar zagin kamar goro. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba. "Kai wannan" yake ce mini, sai ya ɗora duk abin da ya zo bakinsa.

Ba a Yako aka haife shi ba. Garinsu yana cikin waɗanda ruwa ya cinye lokacin da aka yi madatsar Tiga, yana yaro. Mahaifiyarsa ta rasu daminar da ta gabaci tashinsu, aka binne ta a can, aka kwashe masu rai aka bar matattu. Tun daga nan Baba bai ƙara taka bakin ruwan ba, kuma bai taɓa cin kifin Tiga ba. In an kawo gida sai ya ce, "Ku ci abinku. Ni ba na cin wanda yake kwana a ɗakin uwata."

Shekarar da nake ba ku labari, jikinsa ya fara ƙi, yanar ido ta kama shi, abin da ya wuce tsawon zaure sai dai ya ga hazo-hazo. Ran uku ga ƙaramar Sallah muna shirin kai yara Tiga kamar yadda muka saba, sai ga shi ya fito da babbar rigarsa da sanda. Innarmu ta ce, "Malam, ina zuwa haka?" Ya ce, "Zan je in gaida tsohuwa. Ta daɗe tana jira." Muka matsa masa wuri a gaban mota, ya yi ta gaya wa direba cewa jakin kakansa ya fi shi sanin hanya har muka isa.

Bakin ruwa ya cika maƙil. Yara da sababbin kaya, masu hoto suna bin mutane, hayaƙin suyar kifi ya tashi ta ko'ina. Wata mai kifi ta tare Baba da faranti. "Alhaji, ga karfasa, yanzun nan aka fito da ita daga ruwa." Ya sunkuya ya kai fuskarsa kusa, ya ce, "Na san ta. 'Yar haya ce a gidanmu, ba ta taɓa biya ba." Matar ta tsaya da farantinta tana kallona ko zan yi bayani. Na saya wa yara na rufa mata baki.

Muka bar Inna da maiɗakina da yara a gindin wata bishiya, ni da Baba muka gangara wajen masu kwale-kwale. Wani mai kimanin shekara arba'in, baƙi, siriri, da hular sanyi a tsakiyar rana, shi ya riga kowa isowa gare mu. Baba ya faɗa masa sunan garinsu, ya tambaye shi ko ya san inda yake.

"Baba, ai gidana ne," in ji shi. "Ko ido a rufe zan kai ka."

A nan ya kamata in ce ni ban iya ruwa ba, kuma ban taɓa shiga kwale-kwale ba sai ranar. Na zauna a tsakiya na riƙe katakon gefe da hannu biyu. Ruwa yana tsattsafowa ta wani wuri da aka toshe da tsumma, mai jirgin ya miƙo mini yankakkiyar jarka ya ce in riƙa kwarfewa, wai haka ake yi wa kowane babban baƙo.

Ba mu yi wani nisa ba sai ga wani baƙin kututture ya leƙo daga ruwa, tsuntsu a kansa. Mai jirgi ya sassauta tuƙi, ya cire hula, ya sauke murya kamar mai gaisuwar mutuwa. "Alhamdu lillahi. Baba, ga kukar garinku. A gindinta ake cin kasuwa."

Baba ya ce a matsa da shi. Ya miƙa hannu ya shafa kututturen, ya ƙwanƙwasa shi da sanda. "Kuka ce wannan?"

"Ita ce, Baba."

"Kukar da in ta faɗi damina ɗaya take zama dusa, ita ce ta yi duk shekarun nan a ruwa tana jirana? Wannan ƙirya ce, ɗan nan. Kuma garinmu ba a taɓa cin kasuwa ba, mutum nawa ne mu?" Sannan ya ambaci wani gari da su ma aka tashe su. "Shi kuma yana ina?"

"Nan ne, Baba, ta gabas da kututturen."

Ya ambaci wani. Aka ce ta yamma. Sai ya ambaci garin su Innarmu.

"Allahu akbar," in ji mai jirgi. "Su ne ruwa ya fara ci. Ɗan gaba kaɗan."

"To madalla," in ji Baba. "Garin yana can bayan Doguwa a kan tudu, shekaranjiya aka kawo mana daddawa daga can. Sai in gaya wa matata ta daina aika gaisuwa."

Na yi dariya har na manta da jarkar. Mai jirgin ma bai iya riƙewa ba, ya mayar da hularsa ya ce, "Baba, ka kama ni. Ni bayan ruwa aka haife ni, ban ga gari ko ɗaya ba. Amma ka duba, mutane suna zuwa mini da hawaye cike da ido. In na ce ban sani ba, su koma gida da kayansu. In na nuna musu kututture, su zubar a nan, su sami sauƙi, su je su ci kifi. Ai ruwan ɗaya ne. Duk inda ka yi addu'a, Allah ya san inda tsohuwa take."

"Allah ya sani," Baba ya ce. "Ni ne nake so in sani."

Daga nan muryar Baba ta canza. Ya ce ranar da aka binne mahaifiyarsa bai iya kallon ramin ba, sai ya ɗaga kai ya kafa wa duwatsu ido har aka gama. Ta arewa akwai wani babban dutse mai giɓi a ka, kamar an ɓantare shi da gatari, a gabansa kuma akwai wani ƙarami mai tsini. In ka tsaya a maƙabartar garinsu, tsinin ƙaramin yana zama daidai cikin giɓin babban. Ta gabas kuma wani tsauni mai doro yana ɓoye rabinsa a bayan wani. Ya ce ruwa ya ci gari, amma bai ji an ce ya ci dutse ba.

Muka duba, ga su nan kuwa. Sai dai tsinin yana can gefe, nesa da giɓin. Baba ba ya iya ganinsu. Ya juyo wajena ya ce, "Kai wannan, yau kai ne idona. In ya shiga ka faɗa mini."

Mai jirgi ya kama filafilinsa ya shiga tuƙi. Muka bar kututture, muka bar sauran jiragen, har mutanen bakin gaɓa suka koma kamar tururuwa. Iskar la'asar ta taso, ruwa ya fara marin katako yana fallatso mana. Tsumman nan ya gaji da aikinsa. Ina kwarfa, ina salati, ina lissafa yarana ɗaya-ɗaya da wanda zai riƙe su. Tsinin dutsen kuwa yana matsowa kamar ana roƙonsa. Duk bayan ɗan lokaci Baba ya ce, "Ya shiga?" in ce da saura.

Wata igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sauke, ruwa ya jiƙa ni har cinya. Baba ya sake tambaya. Na kalli dutsen. Ya kusa, amma tsakaninsa da giɓin akwai kamar faɗin tafin hannu. Na zaɓi kalmomina a nan da kyau, don ba na so in yi wa kaina ado: na ce masa, "Ya shiga, Baba. Nan ne."

Baba ya ɗaga hannuwa zai fara addu'a, sai ya tsaya. Ban san abin da ya ji a muryata ba. Ya juya kansa wajen mai jirgi ya ce, "Kai, maƙaryaci. Gaskiya ne?"

Mutumin nan gumi yana zuba daga ƙarƙashin hularsa, hannunsa ya mutu da tuƙi. In ya ce i, ya huta, ya koma ya ɗebi wasu su je su yi wa kututture kuka. Ya kalle ni, ya kalli dutsen, ya ce, "A'a, Baba. Da saura."

Ya ci gaba da tuƙi, na ci gaba da kwarfa, kaina a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can ya ce, "Yanzu ya zauna, Baba, kamar an dasa shi. Mai doron ma ya ɓoye rabinsa." Na ɗaga kai na gani da idona, haka ne.

Wurin ba shi da wata alama. Ruwa ne kamar ko'ina. Baba ya tsoma hannunsa har gwiwar hannu, ya daɗe a haka, sannan ya yi addu'a a hankali, muka shafa. Abin da na ji ya faɗa da Hausa kaɗan ne. Ya ce, "Inna, ni ne. Na yi latti." Mai jirgin yana ta juya filafili don kada iska ta gusar da mu, yana share fuska da kafaɗa, wai ruwa ne ya fallatsar masa.

A hanyar dawowa Baba ya warware. Ya ce wa mai jirgi kwale-kwalensa kwando ne, tuƙinsa kuma na mai jin barci, hularsa ko mahaukacin tasha ba zai sa ba. Mutumin yana ta ba da haƙuri, bai san an ɗauke shi aiki ba ke nan. Ni kuwa ko kallon inda nake Baba bai yi ba. Muka sauka, Inna ta tambaye shi ko ya sami tsohuwa, ya ce ya same ta, kuma 'yan garinsu na bayan Doguwa suna gaishe ta daga ƙarƙashin ruwa. Ya yi wasa da jikoki, ya kushe mai hoto, ya kushe rake. Ni kaɗai ya tsallake. Ban taɓa jin kewar zagi ba sai ranar.

Sai da muka kusa Yako, mota ta yi tsit, yara sun yi barci a cinyoyi, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Kai wannan. Matsoracin banza. Ko kwarfar ruwa ba ka iya ba, dubi rigata." Na ce, "Na'am, Baba." Na juya fuskata wajen taga har muka isa. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban iya ba shi haƙuri da baki ba, kuma wannan yana nan a wuyana.

Bayan rasuwarsa na koma Tiga ni kaɗai na nemi mai hular sanyi. Da na gaya masa Baba ya rasu, ya zauna a bakin jirginsa. Sannan ya miƙo mini jarkar. Muka wuce kututturen, ga wani jirgi a wurin, wata tsohuwa tana shafa ƙirya tana kuka. Na ce masa, "Har yanzu?" Ya ce, "Yanzu ina fara tambaya, da me kuke gane wurin? Wanda ya zo da dutsensa, in kai shi. Wanda ya zo hannu biyu, kututture na nan." Ya kai ni har inda tsini yake zama cikin giɓi, bai kuwa tambaye ni ko ya shiga ba.

Da can na raba mutane gida biyu, masu gaskiya da maƙaryata, kuma na san gidan da na ajiye kaina. Ranar nan ta koya mini cewa ba a sanin gidan kowa sai gaskiyar ta zo da tsada, sai lokacin da faɗinta zai ƙara maka tuƙi ga hannu ya mutu. A wurin, wanda yake cin abinci da ƙarya ya faɗe ta, ɗan da aka ba amanar ido ya kasa. Tun daga nan in tsoho ya ce in duba masa abu, ina dubawa har ƙarshe, kuma in da saura, ina cewa da saura.