Kakar da Muka Daina Kokawa

Da kaka, in gero ya shiga rumbu, mu samarin Rimaye mukan taka har Kusada kokawa, su ma su zo mana. Ba gaba a ciki. Wanda ka kayar, a gidansu za ka ci tuwo, uwarsa na zuba maka man shanu tana yi maka tsiya. A haka na yi aboki a Kusada, ɗan wani maƙeri, gajere mai faɗin ƙirji. Mun sha kamawa, wata shekara ni, wata shekara shi.

Lokacin yaƙin Turawa aka shiga ɗibar mutane aikin kuza a Jos, ko kana so ko ba ka so. Duk wanda ya ji ƙishin-ƙishin dogarai sai ya faɗa daji. Amma gangar kokawa ba ta barin saurayi a ɓoye, sai da muka hallara a Kusada kamar kullum. Na lura da wasu baƙi a gindin tsamiya, ba tafi, ba shewa, ido kawai suka zuba.

Muka shiga fili ni da abokina. Ya sa mini ƙafa, ya ɗaga ni sama, ya nana da ƙasa. Makaɗi bai gama wasa shi ba baƙin nan suka miƙe, suka tuɓe manyan riguna. Ashe dogarai ne. Suka ware duk wanda ya yi kaye a ranar.

Mahaifin abokina ya zube a gabansu. "Ranku ya daɗe, shi kaɗai ke riƙe mini guduma a maƙera."

Babbansu ya ce, "Baba, ai da idonmu muka ga ƙarfinsa. Irinsu Bature ke so."

Abokina ya kwance layun damtsensa ya miƙo mini. "Kai wa Inna. Ka ce kada ta yi kuka a gaban mutane."

Bai dawo ba. Wani ɗan garin Sukuntuni da ya gudo daga Jos ya ce sanyin duwatsu da tari suka kashe shi. Inda aka binne shi ma bai sani ba.

Da kaka ta zagayo aka buga ganga, iyaye suka tsare ƙofa. 'Yan kaɗan da suka fito, kowa so yake ya riga abokin karawarsa faɗuwa. Na ga ƙato ya zube tun ba a taɓa shi ba, kuma ba wanda ya yi dariya. Daga nan ƙafa ta ɗauke tsakaninmu da Kusada. Yau jikokinmu da nasu na gogar kafaɗa a kasuwar Kankia, ba wanda ya san wani.