Inna Ta Tausaya wa Na'urar Awo

Mai-awo ya shekara ashirin da bakwai yana jan tef a filayen mutane. Abin ya bi jikinsa, ko tabarma aka shimfiɗa masa sai ya faɗi tsawonta kafin ya zauna. Matarsa kan ce har murmushinsa da awo yake yi.

Da ofishinsu ya sayo na'urar awo mai aiki da tauraron ɗan'adam, shugaban ofis ya so ya ba wani. Mai-awo ya yi tsalle ya dire, ya ce shi za a ba. Shugaba ya ce to, ga filin da za a gina makaranta, kwana huɗu. In ya kasa, ya koma kan tef har ya yi ritaya.

Na'urar biyu ce, uwa da 'ya. Uwar tana tsaye wuri guda a kan ƙafa uku, ba a motsa ta. 'Yar tana kan sanda, ita ake yawo da ita, uwar na aiko mata gyaran lissafi ta rediyo. Gidan surukarsa yana kusa da filin, ga tsakar gida fetal, don haka a nan ya kafa uwar.

Ranar farko aiki ya tafi sumul, sai da rana ta take, 'yar ta daina jin uwar. Ya duba batir, a cike. Ya duba tasha, daidai. Ya kwance eriya ya hure ya mayar. Ya hau tarin yashi ya ɗaga sandar sama kamar mai kakkaɓo mangwaro. Har lallashi ya yi: "Haba 'yar albarka, uwarki ce fa!" Shiru. Da la'asar magana ta dawo da kanta.

Washegari haka aka sake. Ya zargi turken wayar salula, ya zargi wata tankar ruwa da ta tsaya masa a hanya, har suka yi cacar baki da direban. Da tankar ta tafi abu bai gyaru ba, sai ya ruga gidan.

Ya tarar da uwar an kifa mata ƙaton kwanon wanki na ƙarfe, har da dutse a sama don kada iska ta ɗauke.

"Kai ba ka da tausayi?" in ji surukar. "Baiwar Allah tun safe a tsaye cikin rana, ko hula babu."

Mai-awo ya durƙusa. Mutumin da ya yi sa-in-sa da direban tanka, ga shi ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Inna, ai ita rana ce abincinta."

"Ayya! Ashe yunwa na bar ta da ita."

Rana ta uku rediyo bai yanke ba ko sau ɗaya. Mai-awo har waƙa yake yi. Da ya duba zanen da yamma, sai ya ga kusurwar makaranta a tsakiyar titi, banɗakin ɗalibai kuma a shagon wani tela.

"Inuwar katanga ce ta cim mata," in ji Inna. "Sau uku ina jan ta zuwa rana. Da nauyi kuwa, ta ƙoshi."

Saura kwana ɗaya. Da safe ya mayar da uwar mazauninta, ya share gumi, ya ce, "Inna, ki gafarce ni, ƙarya na yi. Ba ta ci, ba ta sha. Don Allah kada kowa ya taɓa ta."

"Kowa?"

"Kowa, Inna."

Ya sake awon tun daga farko, ya gama kafin a tashi aiki. Ya zo ɗaukar uwar, sai ya tarar da Inna a kan kujera a gabanta, da muciya a hannu.

"Matsa can. Kai da bakinka ka ce kowa."

Dole shugaban ofis ya zo da kansa. Ya duba zanen a ƙofar gida, ya ga ba kuskure, sannan ya shiga ya miƙa hannu zai naɗe ƙafafun uwar. Muciya ta sauka a ƙasa, dab da takalminsa.

Ya ja da baya, ya gyara wuyan rigarsa. "Mai-awo, na'ura ta zama taka. In ka samu ta fito, ka gaishe ta."